Iyakar Gonar Gwaggo Sabuwa

Gaya,
8 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Gwaggo Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, Gwaggo, da fatan an yi sallah lafiya, kuma ƙafar da aka ce tana damun ki ta yi sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau. Maiɗakina Nuriyya tana gaishe ki, ta ce man zafin da ta aiko a riƙa shafawa safe da yamma. Sau uku ina kiran ki a waya, kina cewa "wa ke magana", ina cewa "ni ne", har katina ya ƙare. Tunda kunnen ya ƙi, na ga gara in rubuto. Muzammil direba zai riƙa kawo miki, yana bi ta Toranke duk ranar kasuwa.

Maganar da ke tafe da ni ta ƙungiyar manoman da nake wa sakatare ce. Shekara biyu ke nan muna faɗi-tashi. To, Allah ya yi, bana za mu fara noman haɗaka, kuma a Toranke za mu fara, a filin nan na gabas da gari inda gonarki take jikin ta mahaifina marigayi. Gonaki arba'in da ɗaya ne a wurin, kowace da ciyawar gamba da aka dasa a kan iyakarta, wata ma tarakta ba za ta iya juyawa a cikinta ba. Shawarar da aka yanke ita ce a cire gambar, filin ya zama ɗaya, a yi huɗa ɗaya, a haɗa iri da taki, in an girbe a ba kowa gwargwadon faɗin gonarsa. Ba wanda zai rasa ƙasarsa. Masu awo sun zo daga Kano da na'ura sun zaga gonakin, iyakar kowa tana cikin kwamfuta.

Gwaggo, wannan shi ne abin da na yi shekara huɗu ina karantawa a jami'a, kuna tsokanata kuna ce mini ɗan gurguzu. Gurguzu ba dodo ba ne. Ma'anarsa dai abin da ake samar da abinci da shi, wato ƙasa da kayan aiki, ya zama a hannun masu yin aikin, su ne masu yanke shawara, su ne masu cin amfani. Ni na fara sa hannu, na saka gonar mahaifina, don kada a ce sakatare baki kawai gare shi.

Ke malama ce, shekara talatin kina koyarwa a garin nan, mata suna jin maganarki. In kika shiga, da yawa za su biyo baya. Ina jiran amsarki.

Ɗanki,
Muhyiddeen Yahya.

Toranke,
15 ga Afrilu.

Muhyiddeen,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi. Ka yi wa Nuriyya godiya, man yana aiki, sai dai warinsa ya kori kyanwata daga ɗaki. Kunne kuwa ba ƙi ya yi ba, zaɓen abin ji yake yi.

Na karanta sau biyu, na biyun da tabarau. Rubutunka ya gyaru, amma har yau in kana neman abu a wurin mutum sai ka fara da yabonsa. Tun kana aji uku a hannuna haka kake.

Yanzu ka faɗa mini wanne ne gurguzun, don ni a garin nan kala-kala nake ji. Kansilanmu da ya raba taki, buhu ɗaya mutum biyar, ya hau lasifika ya ce shi ɗan gurguzu ne mai kishin talaka. Na'ibin liman ya ce gurguzu ƙin Allah ne. Wani mai baki a rediyo ya ce in gwamnati ta riƙe wuta da ruwa da asibiti, shi ke nan gurguzu ya tabbata. In haka ne ai mun daɗe a ciki, ga shi ba wutar ba ruwan. Kai kuma ka zo da naka mai tarakta.

Taraktar ta wa ce? Ba ka faɗa ba, kai kuwa ba ka mantuwa sai da dalili. In ta ƙungiya ce, yaushe kuka saye ta ban ji ba? In ta wani ce, to ƙasa tamu, ƙarfe nasa, ranar da ya yi fushi ya janye ƙarfensa ya bar mu da fili fetal ba iyaka. Ita kuma kwamfutar a ɗakin wa take? Gambata ina ganin ta da idona. In akuya ta ci, ta sake tohowa. In maƙwabci ya matso da huɗarsa taku ɗaya, da safe na gani. Iyakar da ke cikin kwamfuta kuwa sai na hau mota zuwa Gaya, na yi sallama, na jira wani ya gama waya, sannan in ya ga dama ya nuna mini.

In haɗa hannu kake nufi, ai mun san gayya. Bara da ƙafar nan ta kumbura, mutum goma sha biyu suka yi mini noman farko, na dama musu fura, kafin azahar kowa ya koma gonarsa. Ba wanda ya ce sai na tuge gamba kafin a taimake ni. Wannan shi ma gurguzu ne, ko bai yi karatun da zai kai ba?

Ban shiga ba. Kada ka sa sunana, kada ka turo wani ya lallashe ni. Sannan ka gaya mini gaskiya, kai ka yi tunanin rubuto mini, ko shugabanku Malam Inuwa ne ya ce ka bi ta kan gwaggonka? Na san shi tun yana dillancin filaye a Ajingi, kuma ban ji ranar da ya bar sana'ar ba.

Gwaggonka,
Sabuwa.

Gaya,
27 ga Afrilu.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara miki lafiya. Nuriyya ta sa na karanta mata takardarki, ta yi dariya har da hawaye, ta ce a ba kyanwa haƙuri. Zafi ya yi yawa a nan, ƙaramar 'yarmu ta yi zazzaɓi amma ta warware.

Ba wanda ya aiko ni, Gwaggo. Wallahi ni na yi tunanina. Malam Inuwa zaɓensa aka yi, kuma ni ban jefa masa ƙuri'a ba, amma wanda jama'a suka zaɓa shi ne shugaba.

Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da kansila ya yi kyauta ce ta neman ƙuri'a, yau ya bayar gobe ya hana, kuma ba mai tambayarsa. Na'ibin liman ya zo taronmu ya gani, da addu'a muke buɗewa, kuma mun rubuta cewa tun a masussuka za a fitar da zakka. Na rediyo ya fi su kusa amma shi ma ya kauce. In gwamnati ta riƙe abu, ma'aikaci kuma ba shi da ta cewa a ciki, ai maigida aka canza kawai.

Gayya abu ne mai kyau, ba na raina ta. Amma ki duba da kyau, wa ake cika wa gona? Wanda yake da geron da zai dama wa mutum goma sha biyu fura. Wanda rumbunsa ya ƙare tun bazara ba ya kiran gayya, shi ake kira. Taimakon yini ɗaya ne, da yamma mai babbar gona yana nan da babbar gonarsa. Abin da ya fi kusa da nufina shi ne gandu irin na kakana, mahaifinku Malam Bashir: gona ɗaya, rumbu ɗaya, kowa ya yi aiki kowa ya ci. Mahaifina yakan ce a zamanin gandu ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a gidanmu. Shi muke son dawowa da shi, amma na gari gaba ɗaya.

Tarakta kin kama ni. Ta wani ɗan kasuwa ce a Kano, haya muka ɗauka ta damina biyu kafin mu sayi tamu. Na yarda wannan ɓaraka ce ta jari-hujja a jikin aikinmu, kuma ni ma tana damuna. Kwamfuta tana ofishinmu, makulli yana aljihuna.

Na ji ba daɗi da kika ƙi, amma ba a gurguzu dole, aƙalla ba nawa ba. Ki kwantar da hankalinki. Na buɗe jerin waɗanda suka sa hannu, mutum talatin da uku ne, na bi da yatsa daga sama har ƙasa, babu Sabuwa. Wanda babu sunansa tarakta ba za ta taka gonarsa ba. Za a zagaye ki a bar miki gambarki, in kika ga amfanin da muka samu, baɗi da kanki za ki nemi takardar shiga.

Ɗanki,
Muhyiddeen.

Toranke,
4 ga Mayu.

Muhyiddeen,

Salamu alaikum. Allah ya ƙara wa yarinya sauƙi, a riƙa ba ta ruwa da yawa. Ni lafiya lau.

Maganarka a kan gayya akwai gaskiya a ciki, na ba ka wannan. Maganar gandu kuwa kada ka sake ambata mini ita.

Ka ce in kwantar da hankali, sai ga shi takardarka ce ta tayar mini da shi. A ta farko ka rubuta gonaki arba'in da ɗaya. A ta biyu ka rubuta suna talatin da uku. Saura takwas. Na zauna na bi filin nan a kaina, daga bakin rijiya har kukar gabas, ina neman mutum takwas da suka ƙi shiga. Ban samu namiji ko ɗaya ba, duk mazan suna ta murnar tarakta a bakin masallaci. Sai na ƙirga matan da ke da gona tasu ta kansu a wurin, ta gado ko ta saye. Mu takwas ne cif.

Wa ya tambaye mu har muka ƙi? Ni kaɗai ka tambaya. Maƙwabciyata Hanne ta ce ranar da masu awon suka zo, lokacin ni ina garin Gafasa wurin ta'aziyya, ta hango su da mai unguwa suna zaga gonata da na'urarsu kamar yadda suka zaga ta kowa, har tata. Ta tambayi mijinta ko an sa gonarta a ciki, ya ce mata ta duba tuwo kada ya kama.

In ba a sa gonata ba, me ya kai su auna ta? In an sa ta kuma babu sunana, to sunan wa ke kanta? Ka bar jerin suna, ka buɗe zanen filin, ka ɗora yatsan naka a kan gonata ka karanto mini abin da aka rubuta. Hadari ya fara haɗowa da yamma. Ka amsa mini kafin ruwa ya sauka.

Sabuwa.

Toranke,
26 ga Mayu.

Muhyiddeen,

Sallama dai wajibi ce, don haka salamu alaikum. Lafiyata kuma kada ka tambaya.

Mako uku ina jiran amsarka. Yanzu na gane dalilin shirun.

Ranar Alhamis ruwa ya sauka. Ranar Asabar da hantsi Hanne ta shigo mini ba mayafi, ta ce tarakta tana gabas. Kafin in ja ƙafar nan in isa, an gama. Na tsaya inda na san nan ne bakin gonata, ban gane komai ba. Huɗa ce miƙe ɗoɗar daga rijiya har kuka. An tara gambar a gefen hanya, saiwa a sama, awaki suna ci. Na yi kuka a wurin, ban ji kunyar kowa ba.

Na tare mai taraktar na ce wa ya ba shi izinin shiga gonata. Bawan Allah bai yi mini rashin kunya ba. Ya sauko, ya zaro zanen filin daga aljihu, ya ce, "Hajiya, ni abin da aka ba ni nake bi, nuna mini taki." Na nuna. Ya karanta mini, na karɓa na karanta da kaina don kada in zalunci kowa. An haɗe tawa da ta ubanka an zagaye da layi ɗaya, an rubuta Muhyiddeen Yahya, eka uku. Ga sa hannunka a ƙasa, na san shi, ni na koya maka riƙe alƙalami.

Eka biyu ubanka ya bari. Ta ukun daga ina ta faɗo maka?

Ashe da ka ce ka bi da yatsa babu Sabuwa, gaskiya ka faɗa. Na ga ƙwarewa. Ka lallaɓa ni da kansila da na'ibi da kyanwa har ruwa ya sauka. Me Inuwa ya yi maka alkawari? Ko kai ne ka yi masa? Ka ce ƙasa ta koma hannun masu aikinta. Shekara ashirin da shida ina duƙe a gonar nan, kai kuma rabonka da fartanya tun kana sakandare, yau ga ta a hannunka. In wannan ne gurguzu, na'ibin liman ma ya rage masa laifi.

Ban ba Muzammil wannan ba, don ban san bakin wa yake ci ba. Mus'ab ƙanin Hanne zai kawo maka hannu da hannu, kuma na ce kada ya taso sai da amsa.

Sabuwa.

Gaya,
2 ga Yuni.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Na ce wa Mus'ab ya tafi, ba zan amsa ba sai na binciko, shi ya sa wannan ta yi jinkiri.

Na rantse da Allah takardarki ta huɗu ga Mayu ba ta zo hannuna ba sai bayan ta Mus'ab. Da na karanta tasa na fita neman Muzammil, na same shi a garejin Wudil. Injin motarsa ya buga, mako uku tana wurin bakanike, takardarki tana cikin akwatin gaban mota tare da takardun mota. Ni kuma da na ji shiru na ɗauka kin gamsu. Da ta zo a kan lokaci, minti biyar ya ishe ni in buɗe zanen.

Ranar Laraba na zo Toranke, na kasa ƙarasowa gidanki. Wurin mai unguwa na tsaya. Na tambaye shi yadda aka yi, ya amsa mini hankalinsa kwance, don shi bai ga laifin da ya yi ba. Ya ce masu awon samari ne baƙi, ga jama'a sun taru, shi ba zai tsaya a tsakiyar fili yana kiran sunan matan mutane a gabansu ba. Duk gonar mace da aka zo, sai ya ce ta gidan wane ce, su kuma su haɗa ta da ta maigidan. Taki ya ce ta gidan Yahya ce, wai haka kowa ke kiran ta. Suka ce Yahya yana ina, ya ce ya rasu, ga sunan ɗansa.

Saura laifina, kuma shi ya fi girma. An kawo mini takarda an rubuta eka uku, na sa hannu ina murna ni ne na farko. Gwaggo, ban san faɗin gonar mahaifina ba. Tun rasuwarsa aro na bayar ana nomawa. Na tsaya a gaban mutane ina yi musu bayanin ƙasa da masu aikinta, ban san inda tawa ta tsaya ba. Kunya ta ishe ni.

Jiya na sa aka kira taro, na karanta sunayenku takwas, na ce a gyara zanen. Wurin ya kaure. Maza bakwai da aka haɗe wa gonakin sauran matan da nasu suka ce in aka ware wa matansu da ƙannensu suna daban, har a riƙa ba su kaso a hannunsu, su sun fita. Mai tarakta kuma sharaɗinsa fili ɗaya ne, in ya tsattsage zai janye. Ki duba halin da ake ciki: an cire iyakoki, kowa ya zuba irinsa a rumbun ƙungiya, an fara shuka. In abin ya watse yanzu, gida talatin da uku ne za su rasa damina. Malam Inuwa ya kawo shawara a bar maganar sai bayan girbi. Aka ɗaga hannu, talatin suka bi shi, mu uku muka ƙi.

Na sha faɗa miki cewa a tsarinmu abin da masu rinjaye suka yanke shi ake bi, ko bai yi wa mutum daɗi ba. Yau ya faɗo a kaina. Ina roƙonki ki yi haƙuri zuwa kaka. Gonar taki ce a wurin Allah, taki ce a wurina, takarda ce kawai ta yi kuskure. Duk abin da ekarki ta bayar, ni da kaina zan ɗauko in kawo miki har ƙofar ɗaki, ƙwaya ɗaya ba za ta yi ciwon kai ba. Bayan girbi in hankula sun kwanta, a gyara.

Ɗanki mai neman gafara,
Muhyiddeen.

Toranke,
12 ga Yuni.

Ɗana Muhyiddeen,

Wa alaikumus salam. An yi babbar sallah lafiya. Naman da Nuriyya ta aiko ya iso, Allah ya maimaita mana. Ka shafa mini kan yara.

Na tura Mus'ab Wudil ya ga motar da idonsa, ya kuma tambayi bakaniken ranar da aka kawo ta. Maganarka ta fito daidai. Mai unguwa ma na aika an kira shi, ya maimaita mini abin da ya gaya maka, har yana jiran in gode masa da ya suturta sunana. Don haka na janye zargin da na yi maka na haɗa baki, kuma ka yafe mini shi. Ba ka cuce ni da gangan ba. Sai dai gonar da aka ɗauka da gangan da wadda aka ɗauka da kuskure, duk ba ta hannun mai ita.

Na hana ka maganar gandu, yau ni zan yi ta. Ban so ka ji ba, don mamaci ba ya nan balle ya kare kansa, amma ka kai ni bango.

Da mahaifinmu ya rasu, ubanka ya riƙe gandu, shi ne babba. Ba a raba ba. Aka ce rabo yana kashe gida, a bar shi a dunƙule kowa ya ci. Gaskiya ne ba wanda ya kwana da yunwa. Duk kaka Yaya Yahya yakan ɗoro mini dami biyu na gero a kan jaki, ya kawo da kansa har gidan mijina, ya zauna mu yi hira. Mutumin kirki ne, ina son sa har gobe. Bai taɓa ce mini ba ni da gado ba, ko sau ɗaya. In na tayar da maganar sai ya ce, "Sabuwa, ai taki ce, wa ya hana ki? A bari dai bayan girbi." Shekara goma sha ɗaya ina jin wannan. Da mijina ya kwanta ciwo na nemi in shuka gyaɗa a kasona don in samu na magani, aka ce gandu gero yake shukawa, haka maza suka yanke. Ran nan na gane mai cin abinci daban, mai gona daban.

Sai da na kai ubanka gaban alƙali. Kana firamare lokacin, muka ɓoye muku. Shekara biyu ba ya amsa gaisuwata. Da aka yanka mini ekata, ni na je bakin fadama na haƙo gamba, na dasa ta da hannuna saiwa saiwa. Ita ce aka tara wa awaki.

Da na karanta takardarka na ji muryarsa sak, har da kawo mini ƙofar ɗaki. Na san da zuciya ɗaya ka faɗa. Shi ma da zuciya ɗaya yake faɗa.

Yanzu mu koma karatunka, don na riƙe shi. Ka ce gurguzu shi ne masu aiki su yanke shawara. Mu takwas muna aiki a filin nan, wa ya kira mu taron? An ɗaga hannu talatin da uku a kan gonakinmu, babu hannu ɗaya mai lalle. Rinjayen da aka samu bayan an bar mu a waje bai hau kaina ba. In gurguzun da ka rubuta mini a takardar farko gaskiya ne, to ba a fara shi a Toranke ba tukuna. In kuma wannan da ake yi shi ne, na riga na ci shi a gidan ubana, na ƙoshi.

Ba na son gida talatin da uku su rasa damina, kuma ban ce a tone shuka ba. A noma, a girbe. Amma sunana zai hau zanen nan kafin gero ya fitar da kai, don na san abin da ake yi wa magana bayan girbi. Shekarata sittin da huɗu, ba ni da wasu goma sha ɗayan da zan bayar.

Ranar Talata na je kotu a Ajingi na shigar da ƙara. Magatakarda ya tambaye ni wa nake ƙara, na ce wanda sunansa ke kan gonata. Sammaci zai same ka a ofis, zama ranar Litinin ashirin da uku ga wata. Na so ka ji daga gare ni kafin ka gan shi. Hanne da mata biyu za su zo su zauna a baya, sauran an hana su fita.

Na san abin da nake ɗora maka. In ka faɗi gaskiya, alƙali zai ce a kawo zanen, in aka kawo zanen sauran bakwai za su fito, Inuwa kuma ba zai bar maka makullin ofis ba. Watakila abin da ka yi shekara biyu kana ginawa ya tsage. Na yi kwana uku ina juya wannan, raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba ka da wani buri da ya wuce shi. Duk da haka ban fasa ba.

Ka taho ranar Lahadi, na sa an share maka shagon ƙofar gida ka kwana. Da safe mu karya, mu shiga mota ɗaya, ba na son mutanen Ajingi su ga kowa ya zo ta hanyarsa. Abu ɗaya nake nema a wurinka. In alƙali ya tambaye ka gonar wa ce, kada ka ce ta gwaggona ce, kada ka ce ta gidanmu ce. Ka faɗi sunana a gaban kowa, a rubuta.

Mai ƙara, kuma gwaggonka,
Sabuwa Bashir.